Babi na Shida: Auna Lokacin Aiki da Wayar Hannu a Garwa da Arewacin Kamaru

Daga cikin manhajojin da ake sakawa a wayar hannu akwai wani rukuni wanda ba shi da wani aiki sai riƙe lissafin lokacin da kowane aiki ya ci. Tsarinsu kusan ɗaya ne: mai waya yakan rubuta sunan aikin da yake hannunsa da sunan wanda ya ba shi, ya danna maɓallin farawa sa'ad da ya kama aikin, ya danna na tsayawa sa'ad da ya ajiye shi, manhajar kuma ta adana lokutan biyu daga agogon wayar, ta fitar da tazarar da ke tsakaninsu. Idan mako ko wata ya cika, sai ta tara waɗannan gutsattsarin lokuta ta jera su a jadawali, ta nuna awa nawa suka tafi ga kowane aiki da kowane mai ba da aiki, idan kuma an gaya mata farashin awa ɗaya, ta lissafa kuɗin da ya kamata a nema. Toggl, wadda aka ƙirƙira a Estoniya a 2006, da Harvest, wadda ta fito a birnin New York a wannan shekarar, da Clockify, wadda ta bayyana a 2017 ta kuma yi suna saboda ana amfani da ainihin hidimarta kyauta, su ne fitattu a wannan fanni.

Tambayar da wannan babi ya sa a gaba ita ce abin da irin wannan ma'auni zai iya tsinana wa gari kamar Garwa, hedikwatar Jihar Arewa ta Kamaru da ke bakin kogin Binuwai, inda mafi yawan masu neman abinci ba da awa ake biyansu ba. Amsar da za a kare a nan ita ce manhajar tana da amfani babba matuƙar tana hannun mai aikin kansa, yana auna abin da aikinsa ya ci masa domin ya san yadda zai yi ciniki da alkawari, amfaninta kuwa yana raguwa, har yakan juye ya zama cutarwa, idan ta koma hannun mai gida a matsayin hanyar sa wa ma'aikaci ido.

Asalin sayen aiki da awa

Ƙidayar awa a wurin aiki ta girmi wayar hannu da fiye da ƙarni guda. A 1888 wani maƙerin agogo Ba'amurke mai suna Willard Bundy ya ƙera agogon da ke buga lokacin shigowar ma'aikaci da fitarsa a takarda, kamfanin da aka kafa domin sayar da shi kuma yana cikin waɗanda aka haɗe a 1911, haɗakar da ta ɗauki sunan IBM a 1924. A 1911 ɗin ne kuma Frederick Taylor ya wallafa littafinsa a kan tafiyar da masana'anta ta hanyar kimiyya, inda ya yi kira da a tsaya a kan ma'aikaci da agogon daƙiƙa a auna kowane motsinsa, a fitar da gwargwadon da ya kamata ya yi a yini. Daga masana'anta al'adar ta shiga ofisoshin lauyoyi da akantoci da injiniyoyi, waɗanda suka koma rubuta wa abokan hulɗarsu takardar kuɗi bisa yawan awannin da suka yi musu, kuma domin irin waɗannan ma'aikata, da masu rubuta manhaja da masu zane da ke aiki daga gida, aka fara ƙirƙirar manhajojin da ake magana a kansu.

Masanin tarihi ɗan Ingila E. P. Thompson ya nuna a wata maƙala ta 1967 cewa kafin masana'anta ta ɗora wa mutane horon agogo, manoma da masunta da masu sana'ar hannu suna auna lokaci ne da aikin da ke gabansu, wato tatsar saniya da ɗiban ruwa da girbi su ne ke yanka yini, kuma sai da aka fara sayen ƙarfin wani da kuɗi ne lokaci ya zama abin kashewa da tattali. Muhimmancin wannan bayani shi ne ya tuna wa mai karatu cewa kowace manhajar auna lokaci tana zuwa da wani zato a cikinta, na cewa awa ita ce hajar da ake saye da sayarwa, kuma wannan zato bai game duniya ba.

Ma'aunan aiki a kwarin Binuwai

Hausawa da Fulani da sauran al'ummomin arewacin Kamaru suna da nasu ma'aunan, kuma tsararru ne. Yini yana da gaɓoɓi sanannu, daga asuba zuwa hantsi da walaha da azahar da la'asar da almuru, kuma a tsarin gandu na ƙasar Hausa, wato gonar da iyali ke nomawa tare a ƙarƙashin mai gida, a wurare da yawa akan yi aikin gandu har azahar, sa'an nan kowa ya wuce gayaunarsa, ƙaramar gonar da amfaninta nasa ne shi kaɗai. Akwai ƙwadago na yini, inda ake biyan mutum ladan ranar da ya yi. Akwai jinga, inda ake yanke farashin aiki dungum ba tare da duba kwanakin da zai ɗauka ba. Akwai kuma gayya, aikin taimakon juna wanda ladansa abinci ne da ramuwa, wanda masu Fulfulde a yankin ke kira surga.

Noman auduga, wanda kamfanin Faransa na CFDT ya yaɗa a yankin tun farkon shekarun 1950 kafin a kafa kamfanin Sodecoton a 1974 da hedikwata a Garwa, ya kawo wani ma'auni na fili, wato kwata, kashi ɗaya cikin huɗu na hekta, mita 50 a tsaye da 50 a kwance. Da kwata manomi ke faɗin girman gonarsa, da ita ake lissafin taki da magani, da ita kuma ake yanke jingar noma. Haka abin yake a noman masakwa, dawar rani da ake dasawa a ƙasar laka mai riƙe ruwa da ake kira karal, a filayen Marwa da kwarin Binuwai, bayan ɗaukewar damina a watannin Satumba da Oktoba: sharar ciyawa da dashe suna bukatar hannaye masu yawa cikin 'yan makonni kafin ƙasa ta bushe, kuma galibi da faɗin fili ake biyan 'yan ƙwadagon da ke zuwa.

Fikihun Malikiyya, wanda shi ake karantawa a zaurukan Garwa kamar yadda ake karanta shi a Kano da Sakkwato, ya daɗe da rarrabe waɗannan hanyoyi. Ijara ita ce ɗaukar mutum aiki bisa lada sananne da wa'adi ko aiki sananne, ji'ala kuwa ita ce alkawarin lada a kan kammala wani aiki, ba a yanka mata wa'adi, kuma mai yin ta ba ya cancantar komai sai ya gama. Malamai sun kuma yi doguwar muhawara a kan haɗa wa'adi da aiki a ciniki ɗaya, kamar a ce wa maɗinki ya ɗinka wannan riga a yau, domin ɗayan biyun na iya ƙarewa kafin ɗayan, rigima ta tashi. Wannan tsohuwar mas'ala ita ce zuciyar batun manhajar, domin manhajar tana kawo ma'aunin ijara ne cikin kasuwar da mafi yawanta ke tafiya a kan jinga.

Inda awa take da doka

Wannan ba ya nufin awa baƙuwa ce a arewacin Kamaru. Dokar ƙwadago ta ƙasar, wadda aka sanya wa hannu ranar 14 ga Agustan 1992, ta ƙayyade awa 40 a mako ga ma'aikatun da ba na noma ba, ta kuma ƙayyade awa 2,400 a shekara ga na noma, bisa sharaɗin kada a wuce awa 48 a mako, abin da ya haura haka kuma ƙarin aiki ne mai ƙarin lada. Masana'antun gurzar auduga da matsar man anguryar Sodecoton, da kamfanin siminti na Figil, da ofisoshin gwamnati, da Jami'ar Garwa da aka kafa a Janairun 2022, duk wurare ne da ake shiga da fita da agogo. A wuraren gine-gine kuma an saba da akawun da ke riƙe da rajista yana rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma a kan wannan rajista ake biyan leburori.

A irin waɗannan wurare rubutaccen lissafin awa kariya ce ga ma'aikaci kafin ya zama takura, domin wanda ba a rubuta lokacinsa ba ba shi da hujjar neman kuɗin ƙarin aiki. Dalilin da Kotun Tarayyar Turai ta kafa ke nan a hukuncinta na 14 ga Mayun 2019, a ƙarar da wata ƙungiyar ƙwadago ta Sifen ta shigar a kan bankin Deutsche Bank, inda ta ce wajibi ne ƙasashen tarayyar su tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata kafa tsarin auna lokacin aikin kowace rana, tun da idan babu awo babu yadda za a tabbatar an kiyaye iyakar da doka ta sa. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Jihar Arewa Mai Nisa, musamman tun bayan buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a 2013, su ma suna da nasu dalilin, domin masu ba da tallafi kan nemi a nuna rabon lokacin kowane ma'aikaci tsakanin ayyukan da kuɗinsu ya fito daga aljihu daban-daban. Manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox da ODK, waɗanda masu bincike ke yawo da su ƙauyuka, suna iya rubuta lokacin da aka buɗe takardar tambayoyi da lokacin da aka rufe ta, abin da ke ba shugaban bincike damar gane hirar da aka yi da gaske da wadda aka cike a gindin bishiya.

Sai dai waɗannan wurare tsiraru ne, domin binciken hukumar ƙididdiga ta Kamaru ya sha nuna cewa kusan tara cikin goma na masu aiki a ƙasar suna sana'o'in da ba su da rajista ne, irin su maɗinka da kafintoci da magina da masu walda da masu gyaran babur da waya da mata masu sana'ar cikin gida. Ga waɗannan babu wanda zai biya awa, saboda haka amfanin manhajar a wurinsu dole ya kasance na wata fuska.

Lissafin mai jinga

Mai jinga yana sayar da kammalallen aiki, amma abin da yake kashewa a kansa lokaci ne, kuma ribarsa ko faɗuwarsa tana ɓoye a tsakanin farashin da ya yanke da awannin da aikin ya ci. Dokar mafi ƙarancin albashi ta Maris 2023 ta ba da abin gwadawa: ta sa sefa 60,000 a wata ga ma'aikatan kamfanonin da ba na noma ba, da 45,000 ga na noma. Idan aka raba 60,000 da awa 173 da ke cikin watan aiki mai awa 40 a mako, awa ɗaya ta kama kusan sefa 347 ke nan, idan kuma aka raba 45,000 da awa 200, ta kama sefa 225. A ƙaddara, domin misali kawai, wani maɗinki ya karɓi ɗinkin riga mai aiki a kan sefa 12,000, zare da shafi da sauran kayan haɗi suka ci 4,000, ya rage masa 8,000. Idan a zatonsa aikin awa goma ne, yana ganin yana samun 800 a awa. Idan kuwa awo ya nuna cewa da gwaji da yanka da zuwa kasuwa neman zare da gyaran da mai riga ya nema aikin ya ci awa 26, to abin da ya samu bai kai 310 a awa ba, ƙasa da ladan sabon lebura a kamfani, tun kafin a cire kuɗin haya da na wuta.

Irin wannan giɓi tsakanin zato da awo ba rashin wayo ba ne, ɗabi'a ce ta ɗan Adam. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana a 1979 cewa mutane sukan rage tsawon lokacin da aikinsu zai ɗauka ko da sun sha yin irinsa a baya ya ja, domin sukan hango aikin yana tafiya ba tangarɗa, su manta da abin da ya faru a lokutan da suka wuce, maganin da suka bayar kuwa shi ne a koma ga lissafin ayyukan baya masu kama da shi. Wannan lissafi shi ne ainihin abin da manhajar ke tarawa. Maɗinkin da ya san daga awon wata uku cewa riga irin wannan tana cin awa 26, kuma shagonsa ba ya samun fiye da awa 50 na aiki na gaske a mako, ya san iyakar ɗinkin da zai karɓa a cikin azumi, ya kuma tsira daga abin da ke ɓata tsakanin maɗinka da jama'a a kowace jajibirin Salla. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta yi ƙarya, kuma mafi yawan saɓa alkawarin masu sana'a daga kuskuren ƙiyasi yake tasowa kafin a kai ga rashin gaskiya.

Lokacin jira

Manhajojin da aka ƙirƙira a Turai da Amurka sun kasa lokaci gida biyu, wanda za a nemi kuɗinsa da wanda ba za a nema ba, amma a Garwa akwai gida na uku wanda ya kamata mai sana'a ya buɗe masa suna na kansa a cikin manhajar, shi ne lokacin jira. Jihohin arewa uku sun daɗe suna dogara da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda Sinawa suka gina tsakanin 1977 da 1982 a kudu da Garwa, mai ƙarfin megawat 72, kuma layin wutar arewa a ware yake daga na kudu, saboda haka duk shekarar da ruwan tafkin ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Gidar da Marwa a shekarun 2022 da 2023 sun rage matsalar, amma mai walda da mai injin surfani da mai buga takardu har yanzu suna tsara yininsu ne da zuwan wuta da ɗaukewarta. A watannin Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, aikin ƙarfi a tsakar rana ba ya yiwuwa sai da hutu mai tsawo. Ga jiran kayan aiki da ke tahowa daga Duwala ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sa'an nan ta mota, ga jiran mai aiki ya cika kuɗin kafin alkalami.

Idan aka dunƙule waɗannan awanni cikin lokacin aiki, lissafin zai nuna mai sana'a a matsayin mai nawa. Idan aka watsar da su, zai nuna masa ribar da ba ta shiga aljihunsa ba. Rubuta su daban shi ne ke ba da amsar tambayoyin da ke da kuɗi a cikinsu, kamar ko awannin da ɗaukewar wuta ke cinyewa a wata sun kai a sayi faifan sola da batir, ko ya fi riba a ajiye keken ɗinki na ƙafa a gefe, ko kuma a ɗauki yaro mai zuwa kasuwa domin mai gida ya zauna a kan keke.

Harshe, waya da kuɗi

Akwai shingaye na zahiri. Manyan manhajojin da Turanci da wasu manyan harsunan duniya aka rubuta su, a yankin da Fulfulde ce harshen kasuwa, Hausa na biye, Faransanci kuma na makaranta da ofis. Sashen da ake biya a cikinsu yana neman katin banki da dalar Amurka kowane wata, alhali kuɗin mutane yana yawo ne ta Orange Money da MTN Mobile Money. Ta fuskar intanet matsalar ba ta kai yadda ake zato ba, domin manhajar waya kan iya adana lokutan a cikin wayar har sai an sami sadarwa ta aika su, kuma ƙidayar kanta ba ta cin batir tun da lokacin farawa kawai ake riƙewa. Abin da ke zuƙe caji shi ne bibiyar wurin da mutum yake ta tauraron ɗan Adam.

Rashin karatu ma ba ƙarshen magana ba ne. Masu bincike daga Jami'ar Hohenheim ta Jamus, ciki har da Thomas Daum, sun gwada wata manhaja mai suna Timetracker a tsakanin ƙananan manoma a gabashin Zambiya, wadda hotuna ne kawai a cikinta, manomi ya taɓa hoton noma ko ɗiban ruwa ko girki sa'ad da ya fara, kuma sakamakon da suka wallafa daga 2018 ya nuna maza da mata da yara suna iya riƙe lissafin yininsu da kansu. Irin wannan tsari zai dace da manoman auduga da masakwa, zai kuma iya fito da aikin da ba a cika ƙidaya shi ba, kamar tsinkar auduga da sussuka da mata ke yi a gonar mai gida.

Wanda rajista ke hannunsa

Wani reshe na waɗannan manhajoji an gina shi ne domin mai gida. Hubstaff, alal misali, tana iya ɗaukar hoton fuskar kwamfutar ma'aikaci lokaci-lokaci, ta ƙirga motsin hannunsa a kan madannai, ta kuma bi sawun wayarsa, dandalin Upwork kuma yana ɗaukar hoto ɗaya a cikin kowane minti goma daga kwamfutar wanda ake biya da awa. Matashin Garwa ko Ngaundere da ke yi wa baƙi fassara ko zane ta intanet zai iya karɓar wannan sharaɗi domin shi ne lamunin biyansa daga wanda bai taɓa gani ba. Amma shigo da irin wannan sa ido cikin shago ko gareji, inda dangantakar mai gida da yaransa ta ginu a kan amana da koyo da ciyarwa, yana auna zama ne kawai, ba ya auna kyan ɗinki ko ƙarfin walda, kuma ma'aikacin da ya san motsi ake ƙirgawa zai koyi yin motsi. Ga kuma batun haƙƙi, domin wayar ma'aikaci tasa ce, tana bin sa masallaci da asibiti da gidan surukai, kuma Kamaru ta kafa dokar kare bayanan sirrin mutane a Disamban 2024, wadda ta sa tattara irin waɗannan bayanai ya zama abin da ke da ƙa'ida da hisabi.

Daga abin da ya gabata sharuɗɗa uku ne ke raba awo mai amfani da marar amfani a wannan yanki. Na farko, lissafin ya kasance a buɗe ga wanda aka auna lokacinsa, yana iya ganinsa da gyara kuskurensa da ɗaukar kwafinsa idan ya bar aikin. Na biyu, a ware lokacin jira da sunansa da dalilinsa, kada a ɗora wa ma'aikaci laifin madatsar ruwa ko na hanya. Na uku, awon ya kasance na wani wa'adi da wata manufa, kamar wata biyu ko uku domin gyara farashin jinga, ko kakar noma ɗaya domin sanin kwanakin da kwatar auduga ke ci, bayan haka a ajiye shi sai farashin kaya ko yanayin aiki ya sauya. Mai sana'ar da ya cika waɗannan zai ci gaba da ciniki da jinga kamar yadda kasuwarsa ta saba, sai dai zai yanke farashi da rana yana sane da awannin da ke ƙarƙashinsu.